Ƙofa Ɗaya

Daren da layin bayanmu ya ƙone a Idi-Araba
ina tsaye da bokiti, babu ruwa a ciki.
Motar kashe gobara ta zo har bakin titi,
ta leƙa lungunmu, ta ga ba zai ɗauke ta ba,
ta tsaya can tana kuka kamar kowa.

Da asuba na dawo gida na yi ƙirge.
Ɗaki goma sha tara. Rai sittin da uku,
har da jaririyar Iya Modinat da ba a raɗa wa suna ba.
Ƙofa ɗaya.
Kwaɗo biyu a jikinta,
mabuɗin yana ƙarƙashin matashin Baba Lasisi,
mutumin da ko janareto ba ya tayar da shi.

Ban san ta inda ake farawa ba,
sai na fara da leda.
Takardar haihuwar Atine, katin asibitin Sagir,
rasidin haya, hoton Inna da ambaliyar bara ta lashe wa gefe.
Na naɗe, na ƙulle, na cusa a tsohuwar jakar makaranta.
Tocila. Ashana a kwalbar man shafawa.
Garin kwaki, sukari, ruwa gora biyu.
Lambobin mutane a takarda, da biro,
don waya takan mutu daidai lokacin da mai ita ke neman rai.

Tasalla ta dube ni ta ce,
"Tafiya za ka yi ba ka faɗa ba?"
Na ce, irin wadda ba ta jiran a sa takalmi.

A majalisa aka ce ina yi wa gida mugun baki.
Mati ya ce abin da aka rubuta ba ya gogewa.
Haka ne.
Amma shi ma kullum dare sai ya ɗaure kekensa da sarƙa
kafin ya tofa addu'a ya kwanta.

Galan ɗin fetur na ƙarƙashin matakala
ya ci mana kwana uku na rigima,
da Hausa, da Yarbanci, da Turancin kasuwa.
Ran na huɗu Ebere ya ɗauke abinsa bai ce uffan ba,
da yamma sai ga bokitin yashi a gurbin.
Ban tambaya ba. Bai faɗa ba.

Muka yi karo-karo aka yanko mabuɗi huɗu.
Asabar muka shiga kwata da shebur,
muka zaƙulo robobi, takalmi wari guda,
da wata katifa da kowa ya rantse ba tasa ba ce.

Sai maganar Baba Jatau na sama,
wanda ƙafarsa ta daina jin kira tun azumi.
Ya ce ku bar ni, na tsufa.
Muka rubuta suna biyu a bango da gawayi:
wanda zai goya shi,
da wanda zai goya shi in wancan yana wajen aiki.

Na ce wa yara, in kun ji usur kada ku neme ni,
ku tafi gindin mangwaron mai faci ku tsaya.
Atine ta mai da abin wasa.
Ranar gwaji mun fita cikin minti shida,
Iya Modinat ta koma ɗauko tukunya,
aka yi dariya, aka sake daga farko.

Har yanzu lungun bai ƙara faɗi ba.
Wayoyin wuta na nan a sarƙe kamar taliya.
Sau biyu Sagir yana shanye garin cikin jaka,
sau biyu ina sake aunowa.

Jiya da tsakar dare aka kece da ruwa.
Na farka na kasa kunne.
Kwata tana gudu, tana wucewa.
Na laluba bayan ƙofa: jaka na nan, mabuɗi na kan ƙusa.
A soro na ji motsi,
ashe Ebere ne da tocila, yana duba tsayin ruwa.
Ya haska ni, na haska shi.
Kowa ya koma ɗakinsa.